'Ya'yan Itace A Akushin Iyali

A yawancin gidajenmu in aka ce abinci, tuwo ake nufi, ko shinkafa, ko doya. Mangwaro da gwaba da lemu kuwa an bar wa yara. Maigida yakan sayo lemu sa'ad da wani ya kwanta asibiti, ko ayaba in ya dawo daga tafiya domin tsaraba. Ban da wannan, sai wata ya zo ya wuce ba a yanka gwanda ko ɗaya a gidan ba. Ga shi kuwa a watan Afrilu mangwaro yakan zube a gindin itace har ya ruɓe, awaki ma su ci su bari, alhali a cikin garin nan akwai yaran da ba su gani sosai in magariba ta yi, gama jikinsu ya rasa abin da ke cikin mangwaron nan.

Saboda haka a wannan wata bari mu zauna, maigida da uwargida, mu dubi sha'anin 'ya'yan itacen da ƙasarmu mai zafi take bayarwa: inda suka fito, abin da suke yi wa jiki, yadda za a zaɓe su, da yadda za a more su a gida ba tare da an jawo wa iyali ciwo ba.

Baƙin Da Suka Zama 'Yan Gari

Mai karatu zai yi mamaki in ya ji yawancin itatuwan da muke gani a lambuna da bayan gida baƙi ne. Mangwaro asalinsa daga Indiya da ƙasashen da ke kewaye da ita ne, inda aka yi dubban shekaru ana shuka shi. Lemu ya fito daga wajen kudancin Sin, sunansa kuwa daga Larabci muka aro shi. Ayaba daga kudu maso gabashin Asiya ta taso. Gwanda da gwaba da fiya daga wajen Meziko da Amurka ta Tsakiya suka fito, abarba da yazawa kuwa daga Amurka ta Kudu, wajen Birazil. Turawa ba su san abarba ba sai a 1493, sa'ad da Kolumbas ya tarar da ita a tsibirin Gwadalub. Bayan haka jiragen ruwan mutanen Fotugal suka riƙa ɗaukar iri daga wannan gaɓa zuwa waccan, har suka iso bakin tekun Afirka ta Yamma, fatake kuma suka shigo da waɗansu arewa. Baturen nan Heinrich Barth, wanda ya iso Kano a 1851, ya tarar da itatuwan gwanda da dabino a cikin gidajen birnin.

Kankana kam 'yar gida ce, 'yar'uwar guna. An sami zanenta a kaburburan Masar na fiye da shekara 4,000 da suka wuce, wani bincike da aka buga a 2021 kuma ya nuna danginta mafi kusa yana wajen Kordofan a ƙasar Sudan.

Kafin baƙin nan su zo kakanninmu ba su zauna haka kawai ba. Suna da kanya, da ɗinya, da magarya, da kurna, da tsada, da taura, da aduwa, da goruba, da giginya, da gwandar daji, da kaɗe, da ɗorawa, da tsamiya, da kuka. Likita J. M. Dalziel ya tattara sunayen itatuwa da tsire-tsire na Hausa a cikin littafin da aka buga a 1916. Yau kuwa yaran birni da yawa ba su iya bambanta ɗinya da kanya. In wannan sani ya ɓace, itatuwan ma za su bi shi, gama ba wanda zai hana a sare itacen da bai san amfaninsa ba.

Abin Da Suke Yi Wa Jiki

Tuwo yana ba da ƙarfin aiki, wake da nama da kifi suna gina jiki. 'Ya'yan itace da ganyaye kuwa su ne masu tsaron gida. A cikinsu akwai bitamin, watau waɗansu sinadarai da jiki yake bukata kaɗan kaɗan amma kullum.

Na fari shi ne bitamin A. Gwanda nunanniya da mangwaro suna ɗauke da abin da jiki yake juyawa ya zama bitamin A, launin rawaya ko ja na tsokarsu shi ne alamarsa. Yaron da ya rasa wannan bitamin yakan fara da dundumi, ya riƙa tuntuɓe da dare. In abin ya yi nisa, idon yakan bushe, ya yi miki, har yaro ya makance gaba ɗaya, makantar da ba ta da magani. Ƙyanda da zawo kuma sukan fi tsanani ga yaro irin wannan. Jiki ya fi karɓar bitamin A in akwai maiƙo a ciki, saboda haka ya fi kyau a ba yaro gwandarsa bayan ya ci abinci mai miyar gyaɗa ko manja. Wannan fa bai hana a kai yara 'yan wata 6 zuwa shekara 5 su karɓi ɗigon bitamin A da ma'aikatan lafiya suke bayarwa ba. Yaron da ya riga ya fara dundumi kuwa, a kai shi asibiti nan da nan.

Na biyu shi ne bitamin C, wanda yake ƙarfafa dasashi, yake kuma sa miki ya warke da wuri. A zamanin dā matuƙan jiragen ruwa sukan yi watanni ba ɗanyen abu a bakinsu, sai dasashinsu ya kumbura yana jini, haƙora su zube, da yawa su mutu. A 1747 wani likitan sojan ruwa na Birtaniya, James Lind, ya ɗauki marasa lafiya 12 a cikin jirgin da ake kira Salisbury, ya kasa su biyu biyu, ya ba kowane kashi magani dabam. Biyun da aka ba lemun zaƙi biyu da na tsami ɗaya kowace rana su ne suka murmure cikin kwana 6. Duk da haka sai a 1795 hukumar sojan ruwan ta fara raba wa matuƙa ruwan lemun tsami. Ashe jinkirin karɓar abu mai amfani ba a kanmu aka fara ba.

A cikin giram 100 na lemun zaƙi akwai wajen miligiram 50 na bitamin C, a gwanda wajen 60, a gwaba kuwa fiye da 200. Watau gwaba, wadda muke rainawa saboda arharta, ta ninka lemu kamar sau huɗu. Garin kwalba da nono, watau farin garin da ke cikin ƙwaryar 'ya'yan kuka, shi ma yana da shi da yawa. Bitamin C yana taimakon jiki ya ɗebi sinadarin ƙarfe daga wake da ganye, wanda da shi ake yin jini. Macen da take fama da ƙarancin jini, in ta sha lemu ko ta ci gwaba bayan ta ci wake, ta fi wadda ta bi shi da shayi riba.

Har wa yau dusar da ke cikin 'ya'yan itace tana sa bayan gida ya fita ba wahala. Kankana kuwa fiye da kashi 90 cikin 100 nata ruwa ne, abin da jiki yake nema a zafin bazara. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawara babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na 'ya'yan itace da ganyaye kowace rana, ban da doya da rogo da dankali. Kada wannan lissafi ya tsorata uwargida. Ayaba ɗaya, da yankan gwanda, da gwaba biyu, tare da tumatir da ganyen da ke cikin miya, sun kusa cika mudun.

Kowane Wata Da Rabonsa

Magidanci zai ce, "Malam, ina kuɗin?" Tambayar tana kan hanya. Amsarta ita ce a bi lokaci. Ɗan itacen da yake yayinsa shi ne mafi araha, shi ne kuma mafi daɗi.

Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, motoci sukan cika kasuwanni da lemun ƙasar Binuwai, kamar yadda mai zuwa kasuwar 'Yan Lemo ta Na'ibawa a Kano yakan gani. A lokacin ne kanya da magarya suke nuna, agwaluma kuma ta fara hawowa daga kurmi. Daga Fabrairu zuwa Afrilu yazawa take zuba, kankanar rani kuma ta fito daga fadama. Daga Maris zuwa Yuni mangwaro ne sarki, ɗorawa tana biye da shi. Da faɗuwar damina kaɗe yakan zubo, mata su tsince shi domin man, yara su shanye tsokar. Wajen Agusta zuwa Oktoba ɗinya da gwaba suke yawa. Ayaba da gwanda kuwa kusan kowane wata akan same su.

Iyalin da suka bi wannan tsari ba za su rasa abin taɓawa ba duk shekara, ba kuwa sai sun nemi tuffa da inabin da ake kawowa daga ƙasashen waje da tsada ba.

Yadda Za A Zaɓa A Kasuwa

Akwai sirri ɗaya da ya kamata kowace uwargida ta sani. 'Ya'yan itace kashi biyu ne. Waɗansu sukan ci gaba da nuna bayan an tsinke su, kamar mangwaro, ayaba, gwanda, gwaba da fiya. Waɗansu kuwa yadda aka tsinke su haka za su zauna, zaƙinsu ba ya ƙaruwa, kamar lemu, abarba da kankana. Wanda ya sayi abarba mai tsami ya ajiye yana jiran ta yi zaƙi, ruɓewa kaɗai zai gani.

Abarba, sai ki sansana gindinta. In ƙanshi ya tashi ta nuna, in warin tsami kamar na giya ya tashi ta wuce. Kankana, ki dubi gefen da ya kwanta a ƙasa. In ya yi rawaya ta ƙosa, in fari ne fat an yi gaggawar cire ta. Lemu, ki auna shi a tafin hannu, mai nauyi shi ne mai ruwa. Kada koren ɓawo ya ruɗe ki. Sanyin dare ne yake juya ɓawon lemu ya zama ruwan goro, a ƙasa mai zafi kuwa lemu yakan nuna sarai yana kore. Mangwaro ma ba launi ake dubawa ba, gama akwai irin da yake nuna yana kore. Ki latsa kaɗan kusa da hancinsa, ki kuma sansana. Gwanda, ki ɗauki wadda rawaya ta fara bayyana a jikinta, ki ƙarasa nuka ta a gida.

Nukar gida ba ta da wuya. 'Ya'yan itace masu nuna suna fitar da wata iska da ake kira etilin, ita ce take sa na kusa da su su nuna. Ki sa mangwaro ko fiya a cikin kwando ko jakar takarda tare da nunanniyar ayaba ɗaya, ki rufe, ki ajiye a inuwa. Cikin kwana 2 zuwa 4 za su yi laushi. Kada ki ɗaure su a leda, gumi zai ruɓar da su.

Sai dai akwai hatsari a kasuwa. Waɗansu 'yan kasuwa, don gaggawar riba, sukan nuka ɗanyen mangwaro da ayaba da kabaid, dutsen nan da masu walda suke amfani da shi. Kabaid yana ɗauke da ɓurɓushin dafi, yakan jawo ciwon ciki, da amai, da jiri, da ƙaiƙayin baki. Hukumar NAFDAC ta hana wannan aiki, ta kuma sha yin gargaɗi a kansa. In kika ga ayaba ta yi rawaya shar amma wuyanta kore ne, ko mangwaro ya yi kyau a waje amma cikinsa da tauri da tsami, ba ƙanshi, ko kuwa da wata farar ƙura a jikinsa, to, ki wuce gaba. Ya fi kyau ki sayi ƙosasshe wanda bai nuna ba, ki nuka abinki da kanki.

Tsabta Kafin Daɗi

Kowane malamin makaranta ya san da zarar mangwaro ya fito, yaran da ciwon ciki yake hana su zuwa aji sukan ƙaru. Laifin ba na mangwaron ba ne. Yaro yakan tsinci wanda ya faɗi cikin turɓaya, ya goga a riga, ya kai baki da hannun da bai wanke ba, ƙudaje suna bin sa. Ta haka tsutsar ciki da zawo da taifot da kwalara suke samun hanya.

Dokokin kaɗan ne. A wanke hannu da sabulu. A wanke ɗan itacen da ruwan da za a iya sha, ko da za a fere shi, gama wuƙa takan kwashi dattin ɓawo ta kai cikin tsoka. Wuƙar da aka yanka ɗanyen nama da ita, a wanke ta da sabulu tukuna. Wanda jemage ko ɓera ya ɓantara, a binne shi. Kankana da abarbar da aka yanka aka baza a faranti a bakin tasha, rana tana dukansu, ƙuda yana sauka, gara a sayi guda a yanka a gida. In an yanka, a cinye a ranar, ko a rufe a sa a firji in akwai.

Sai An Gwada Akan San Na Ƙwarai

Mutane da yawa sun ƙi wani ɗan itace don kawai ranar da suka fara ɗanɗana shi ba a gyara shi daidai ba.

Ga fiya, wadda take yi sosai a kan tudun Jos da na Mambila. Ba ta nuna a kan itace, sai an tsinke an ajiye. Wanda ya gutsire ta yana tsammanin zaƙi zai tofar. Fiya mai ce, kamar man shanu. A tsaga ta biyu, a cire ƙwallon, a barbaɗa gishiri da ɗan yaji, a matsa lemun tsami, a ci da cokali ko a shafa a burodi. Ga yaron da ba shi da ƙiba, abinci ne mai kyau ƙwarai.

Abarba takan sa harshe ya yi zafi domin tana da wani sinadari mai narkar da tsoka. A fere ta da kyau, a ƙwaƙule idanunta, a jiƙa yankan cikin ruwa mai ɗan gishiri na minti kaɗan, zafin zai ragu. Wannan sinadari kuwa yana da amfani a madafa, gama in aka kwaɓa nama mai tauri da ɗan ruwan abarba na rabin sa'a zai yi laushi. Ɗanyar gwanda ma haka take yi, shi ya sa tsofaffi sukan jefa 'yar yanka a tukunyar naman tsohon zakara. Ɓawon abarbar da aka wanke kuma a tafasa shi cikin zoɓo.

Yazawa tana da bitamin C fiye da lemu nesa ba kusa ba, sai dai tana da bauri, ruwanta kuma yana ɓata tufafi, sabulu ba ya fitar da shi. A tuɓe wa yaro rigar makaranta kafin a ba shi. Agwaluma, a murza ta a tafin hannu har ta yi laushi kafin a ɓare, a zaɓi wadda ta faɗo da kanta, gama wadda aka kaɗo tsami ne da ita.

Ga kuma wani haɗi da uwargida za ta yi wa mutum 6 ran Lahadi da yamma ko ranar baƙi. Ki sami rabin gwanda nunanniya, da ayaba 3, da rabin abarba ko mangwaro 2, da lemun zaƙi 2, da lemun tsami 1. Ki yanka su ƙanana a kwano mai murfi. Ki matse lemun a kai, tsaminsa zai hana ayabar yin baƙi. Ki barbaɗa dakakkiyar soyayyiyar gyaɗa, ko ki zuba kindirmo. Ba ya bukatar sukari. Ki fara zuba wa maigida a gaban yara, gama abin da yaro ya ga ubansa yana ci da marmari, shi ma zai miƙa hannu.

Yaron da ya ƙi wani abu, kada a tilasta masa. A ba shi kaɗan, a sāke ba shi bayan kwana biyu. Jariri kuwa nonon uwa kaɗai ya ishe shi har wata 6. Bayan haka sai a fara ba shi ayaba ko gwanda ko fiya da aka dame da cokali mai tsabta. Magarya da kanya da ɗinya da duk mai ƙwallo, a hana ƙananan yara, don kada ya shaƙe su.

Camfi Da Gaskiya

Akan ce mangwaro yana kawo zazzaɓi. Sauro ne yake kawo zazzaɓin cizon sauro, sai dai ƙarshen mangwaro yakan haɗu da farkon damina, lokacin da sauro yake ƙaruwa. Akan kuma ce wanda ya sha mangwaro ya bi shi da garin rogo ko lemun kwalba zai mutu, ko kuwa yazawa da madara guba ne. Ba wani dafi da haɗuwarsu take haifarwa. Madara takan guntse in ta gamu da tsami, amma haka take yi a cikin kowane ciki. Wanda ya cika cikinsa fiye da kima zai ji nauyi, ko da me ya cika shi.

Amma akwai gargaɗin da yake na gaskiya. Ƙaron da ke fita daga hancin mangwaro yana ƙona fata, shi ne yake sa wa yara ƙuraje a gefen baki, sai a wanke shi kafin a sha. Man da ke cikin ɓawon ƙwallon yazawa ya fi shi ƙuna, kada yara su fasa shi da haƙori, kada kuma su tsaya cikin hayaƙinsa sa'ad da ake gasawa. Mace mai ciki ta guji ɗanyar gwanda saboda farin ƙaronta, nunanniya kuwa ba laifi. Mai ciwon sukari ya ci ɗan itacen da tsokarsa, kaɗan kaɗan, maimakon ya matse ruwan lemu biyar ya shanye, ya kuma nemi shawarar likita a kan adadi. Babban lemun nan mai ɗaci da Turawa suke kira girefurut yana dagula aikin waɗansu magungunan hawan jini, mai shan irin wannan magani ya tambayi likitansa tukuna. Mai ciwon ƙoda ma ya yi tambaya kafin ya yawaita ayaba da lemu.

Ajiya Domin Gobe

Mangwaron da yake ruɓewa a Afrilu zai iya ciyar da yara a Agusta. A zaɓi nunanne mai ɗan tauri, marar zare. A wanke, a fere, a yanka shi falle falle, kaurinsa kada ya kai na ƙaramin yatsa. A tsoma cikin ruwan da aka matsa lemun tsami, a shanya a kan raga ko sabon faifai a bisa tebur, a rufe da yadi mai shara-shara. Da dare a shigar da shi ɗaka. Cikin kwana 3 ko 4 na zafin bazara zai bushe, ya riƙa lanƙwasa kamar kilishi, ba ya ɗigar ruwa in an matsa. A zuba a kwalba mai murfi, a ajiye a wuri mai duhu. Kada a shanya a ƙasa ko a bakin titi, gama ɓera yana yaɗa zazzaɓin Lassa ta fitsari da kashin da yake bari a kan abinci. Ayaba da abarba ma akan busar da su haka.

Dasa Naka

Hanya mafi araha duka ita ce itace a gida. Gwanda takan fara 'ya'ya kafin shekara ta cika. A shuka iri 3 a rami ɗaya mai taki, in sun yi fure a cire maza, waɗanda furensu yake lilo a kan dogon sanda, a bar ɗaya kawai domin barbara. Gwanda ba ta son ruwa ya kwanta a gindinta. Gwaba takan fara a shekara ta 2 ko ta 3. Mangwaron da aka shuka daga ƙwallo yakan kai shekara 5 zuwa 8, 'ya'yansa kuma ba lalle su yi kama da na uwar ba. Ɗan aure kuwa, irin su juli da pita, yakan fara cikin shekara 3 ko 4. A dasa shi nesa da bango da rijiya da shadda, kamar taki 10.

A nemi dashe mai kyau wurin malaman gona. Cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, NIHORT, wadda aka kafa a Ibadan a 1975, tana da rassa a Bagauda ta jihar Kano da Dadin Kowa ta jihar Gombe. A haƙa ramin tun bazara, a zuba ruɓaɓɓen taki, a dasa in damina ta zauna, a kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Da rani ruwan da aka wanke hatsi da kayan miya ya isa ban ruwa.

A ba kowane yaro itacensa, ya san shi ne mai ba shi ruwa safe da yamma. Yaron da aka haifa bana, in aka dasa masa mangwaro ɗan aure a daminar nan, kafin ya shiga aji ɗaya zai sha daga itacensa, ya kuma kai wa maƙwabta.